Ɗan Fari a Gidan Sifiri

Ranar da ƙasa ta buɗe a gindin ɗorawar Tudun Wake, ba girgiza aka yi ba, ba kuma ruwa ne ya zaftare ta ba. Malam Haladu ne ya zana hatimi a kan rairayi da ɗan yatsansa, ɗaki tara, ya cika takwas da lambobi ya bar na tsakiya fanko. Yana ɗaga yatsa ɗakin tsakiyar nan ya zurma, ya zama rami mai matakala, wata iska mai ƙamshin turare tana busowa daga ciki.

Gardama ce ta kawo zanen. Malam Haladu mutum ne da ilimin hisabi ya shiga masa jini. In ka gaishe shi, kafin ya amsa ya riga ya buga adadin sunanka a ransa, ya gane ko kai mai wuta ne ko mai ruwa. 'Ya'yansa bakwai, duk maza, ya kuma jera musu sunaye bi da bi, daga Auwalu har Sabi'u. Abokin musunsa Malam Ɗahiru ne, limamin unguwa. Tun suna samari suke haɗuwa a gindin ɗorawar nan da hantsi suna ja-in-ja, ba wanda ya taɓa kayar da wani, ba kuma wanda ya taɓa fashin zuwa.

"Sammai bakwai, ƙassai bakwai, kwanakin mako bakwai, ɗawafi bakwai, ayoyin Fatiha bakwai," in ji Malam Haladu, yana lanƙwasa yatsu. "Ka ce mini duk wannan haka kawai aka yi shi, babu sirri?"

"Ban ce babu hikima ba," in ji Malam Ɗahiru. "Cewa na yi ba a ba ka mabuɗinta ba. An ce ka yi bakwai, ka yi bakwai ka kama gabanka. Amma kai jiya ka hana Tanko mahauci sayen saniya, wai sunansa da nata ba su jitu ba. Saniya fa, Malam! Wa ya raɗa mata suna?"

"Tsaya in zana maka ka gani da idonka."

Shi ne ya zana, shi ne kuma ƙasa ta buɗe.

A daidai lokacin Auwalu ya iso da ƙwaryar furar da yake kawo wa uban kowace safiya. Magini ne, magidanci mai gemu da 'ya'yansa na kansa, amma a bakin Malam Haladu har yau ba shi da suna. Ɗan fari ne, Malam kuwa ya riƙi alkunya hannu bibbiyu. Ranar sunan yaron barin gari ya yi, ya wuni a kasuwar ƙauye. Kakarsa Inna ce ta raine shi. In Malam zai aike shi sai ya dubi bango ya ce, "A gaya wa mutumin nan ya je gona," alhali mutumin nan yana durƙushe a gabansa. Ba ƙi ba ne, wallahi. Yana son ɗan nan har cikin ɓargonsa, bakin ne dai ya saba da rufewa.

Malam ya leƙa ramin, rawaninsa ya sulluɓe ya faɗa. Ya miƙa hannu zai cafko, ƙafa ta zame. Auwalu ya dire ƙwarya ya damƙi bakin rigar uban, rigar ta ja shi, suka gangara tare. Aka bar Malam Ɗahiru da salati da ƙwaryar fura.

Suka faɗo a kan yashi mai laushi, a gaban wata ganuwa da ba a ganin ƙarshenta. A bakin ƙofa ga wani aljani zaune, dogo siriri, riƙe da carbi wanda kowane ƙwallonsa ya kai ɗan kuka. Ya miƙe ya rusuna.

"Ya kai ɗan Adam, marhabin da zuwanka Birnin Adadi. Ni ne Mai-Ƙidaya, mai tsaron ƙofa. Mu muka buɗe maka hanya, don labarin saninka ya iso mana. Amma ba a shiga birnin nan sai mutum ya ƙirga abin da yake nasa da bakinsa. Matanka nawa?"

Malam Haladu ya ji an yabi saninsa, ya gyara tsayuwa. "Ɗaya."

Aljani ya ja ƙwallo, ƙwas. "'Ya'yanka nawa?"

Malam ya saci kallon gefensa. Ga Auwalu ya tsinto rawani ya kakkaɓe yana miƙo masa. A ce ya buɗe baki a gaban baƙo, a gaban yaron kuma, ya sa shi a lissafi? Sai ya yi abin da ya saba yi a gida, inda kowa ya san a ƙara ɗaya a zuci.

"Shida."

Ƙwallo shida suka faɗi. "Wannan na kusa da kai fa?"

"Wannan ɗan Inna ne."

Bai rufe baki ba wata guguwa ta taso daga ƙarƙashin ganuwa, ta naɗe Auwalu, ta yi sama da shi. Malam ya kai hannu, iska ya kamo.

"Ina za a kai shi?"

"Gidan Sifiri," in ji Mai-Ƙidaya. "Can ake ajiye duk abin da mai shi bai ƙirga ba. In rana ta faɗi yana ciki, zai goge daga zukata. Uwarsa za ta rantse shida ta haifa, matarsa za ta ce ba ta taɓa aure ba, kai kanka ba za ka san ka yi rashi ba."

"Haba, bawan Allah! Ai kowa ya san ɗan fari ba a sa shi a baki!"

"A garinku ke nan. A nan abin da baki ya faɗa shi ne adadi."

"To na gyara! Bakwai ne!"

"Ƙwallon da ya faɗi a ƙofar nan ba ya komawa. Gyara sai a ƙofar Sifiri, kuma hanyarta ta ratsa ƙasar Cika ta ratsa ƙasar Mara. Shiga, masu ƙasashen suna jiranka."

Malam ya shiga. Birnin ya rabu gida biyu, da wani fili a tsakiya. A dama mutanen Mara ne, masu ido ɗaya da hannu uku, kowa yana tafiya shi kaɗai yana hura hanci. A hagu mutanen Cika ne, ba ka ganin ɗayansu sai da ɗan'uwansa, ko atishawa tare suke yi. A tsakiyar fili Sarkin Mara yana kan kujera mai ƙafa uku, Sarauniyar Cika tana kan mai ƙafa huɗu, tana da fuska biyu, ɗaya na magana ɗaya na murmushi. Tun kafin a haƙa rijiyar farko a duniya suke musun wanda ya fi daraja a cikinsu, shi ya sa suka nemo alƙali daga waje.

Sarkin Mara ya fara. "Ya kai masanin 'yan Adam, Ubangiji ɗaya ne, kuma an ruwaito yana son mara. Salloli biyar, shika-shikan addini biyar, wankin alwala uku-uku, jifa a Mina bakwai-bakwai, sunaye kyawawa casa'in da tara. Da wutiri ake rufe sallar dare. Me ya rage wa waccan?"

"Duniya duka ta rage mini," in ji Sarauniya. "An halicci abubuwa biyu-biyu, dare da rana, namiji da mace. Kalmar shahada yanki biyu ce. Watanni goma sha biyu, huɗu a ciki masu alfarma. Asuba raka'a biyu. Ƙofofin Aljanna takwas. Na wuta kuwa, ranka ya daɗe, gaya wa baƙo, nawa ne?"

Sarki ya yi gyaran murya ya dubi sama. Mutanen Cika suka kwashe da dariya biyu-biyu.

"Shaiɗan fa?" in ji Sarki da ya farfaɗo. "Ƙahonsa nawa?"

Mutanen Mara suka yi ta tafi da hannu uku.

A wata rana daban da Malam Haladu ya kwana a filin nan yana jin daɗi, don irin abincinsa ke nan. Ko a yau ɗin ma sai da hali ya motsa. Ya durƙusa ya buga adadin sunan Sarki da na Sarauniya a ƙasa, ya zubar da tara-tara kamar yadda ya saba, abin da ya rage ya nuna Sarki ne da rinjaye. Sarauniya ta ce, "A garinku ba da sunan uwa kuke haɗawa ba?" Ya haɗa da sunayen iyayensu mata, sai rinjaye ya koma wurinta. Sarki ya ce a sa laƙabi. Aka sa, ya dawo wurinsa. Malam ya tsura wa ƙasa ido, ya ji kamar Malam Ɗahiru yana tsaye a bayansa yana dariya.

Ya ɗaga kai ya ga rana ta yi sama. Ya kuma gane cewa duk wanda ya bai wa gaskiya, ɗayan zai toshe masa hanya.

"Ranku ya daɗe, hukunci irin wannan ba a yanke shi da rai a ɓace. Ku ba ni hanya in je ƙofar Sifiri, can zan faɗi abin da na gani."

"Je ka," in ji Sarauniya, fuskar nan tata tana murmushi. "Amma ka sani, uban shida namu ne, kuma ba ma son ya canja."

"Je ka," in ji Sarki. "Ka zama uban bakwai ka dawo cikinmu."

Ya fita ta ƙofar hagu da sassarfa, bai yi nisa ba ya iske Kogin Tagwaye, ruwa baƙi ƙirin mai faɗi, ba a hango gaɓar can. Ga kwalekwale da matuƙa biyu, kamarsu ɗaya.

"Ya ɗan Adam," suka faɗa tare, "jirgin nan ba ya ɗaukar mutum ɗaya. Nutsewa yake yi. Ina na biyunka?"

Na biyunsa kuwa ai shi aka ɗauke. Malam ya duba gabas ya duba yamma, ba kowa, sai ya dubi ƙasa.

"Ga ta nan. Ni da inuwata."

Matuƙa suka sunkuya suka ƙare mata kallo, suka gaishe ta, suka ce su shigo. Tafiya ta yi daɗi har tsakiyar kogi. Can rana ta tsaya tsaka, inuwa ta yi ta janyewa har ta shige ƙarƙashin ƙafafun Malam. Nan take kwalekwale ya fara shan ruwa, wasu manyan kifaye masu kai biyu suka taso suna zagaye shi suna lasar baki.

"Abokiyarka ta gudu," in ji matuƙa, ko a jikinsu.

Malam ya zabura ya ware hannuwa cikin babbar riga, ya maƙale ƙafa a gefen jirgi, ya ranƙwafa a kan ruwa har gemunsa na taɓa kumfa. Inuwar rigar ta bazu a kan kogi.

"Ga ta nan ta fito! Wanka take yi! Ku tuƙa!"

A haka aka ƙetare da shi, yana rataye kamar shanya. Da suka kai gaɓa matuƙa suka tambaye shi wa yake nema da har ya yarda da wannan wahala. Ya buɗe baki zai kwatanta musu muryar ɗan, sai ya nemi muryar a kunnensa ya rasa. Muryar da take yi masa sallama kowace safiya ta tafi. Tsoro ya kama shi na gaske, ya sa gudu.

Gudun ya ƙare a bakin Dajin Tilo, inda ƙasar Mara ta fara. Wani zalɓe ne ke tsaron dajin, tsayinsa ya kai rimi, yana tsaye a kan ƙafa ɗaya tak, bakinsa ya fi mashi tsini. Ya sunkuyo ya duba Malam da idonsa guda.

"Ya kai baƙo, komai naka biyu ne. Idanu biyu, kunnuwa biyu, hannuwa biyu, ƙafafu biyu. Ba a keta dajin nan da irin wannan ƙazanta. Tsaya in rage maka ɗaya-ɗaya, ba zan daɗe ba."

"Allah ya ja zamaninka, kada ka wahalar da bakinka. Ni zan rage da kaina."

Malam ya kwance rawani ya naɗe ido ɗaya da kunne ɗaya, ya cusa hannu ɗaya cikin riga, ya jefar da takalmi ɗaya, ya ɗage ƙafa. Zalɓe ya zagaya shi.

"Hancinka ƙofa biyu."

Malam ya tsinki ganye ya toshe ɗaya.

"Wuce. Amma ina bisa kanka. Ƙafar nan ta taɓa ƙasa, tawa ce."

Ka ga Malam Haladu, wanda ko a ranar kasuwa ba ya sauri don kada a ce malami yana gaggawa, yana tsalle da ƙafa ɗaya a cikin ƙaya da sarƙaƙiya, ganye a hanci, zalɓe yana shawagi a bisansa. Birai masu wutsiya uku suka biyo shi suna kwaikwayonsa. Ya gaji har cinyarsa na rawa, ya jingina da wata bishiya, ya so ya tuno fuskar wanda yake yi wa wannan tsallen don ya sami ƙarfi. Ya ga gemu, ya ga hula mai ƙurar ƙasa, amma tsakaninsu babu komai. Hawaye ya zubo daga idon nan guda, ya share, ya ci gaba da tsalle.

La'asar ta yi sakaliya sa'ad da ya faɗo daga dajin, ya zube a gaban wani gini zagayayye kamar rumbu, ba kusurwa ba taga, girmansa ya kai gari. Mutanen Cika da na Mara sun riga shi isowa, sun cika wurin maƙil, da Sarki da Sarauniya, kowa yana son ya ga shida za ta tabbata ko bakwai. A bakin ƙofa ga wani tsoho gajere mai ƙaton tumbi, yana ta dariya shi kaɗai.

"Sannu da tsalle, Allah gafarta Malam! Ni ne Sifiri. Waɗancan sun ce ni ba nasu ba ne, waɗannan ma sun ce ba su san ni ba, amma duk wanda yake son ya zama goma sai ya zo ya are ni in tsaya a bayansa. Leƙa ka ga ajiyata."

Malam ya cire ganye daga hanci ya leƙa. Abin da ke ciki ba ya faɗuwa. Allurai da kaji da awakin da masu su ba su san sun ɓata ba, da alherin da aka yi wa mutane ba su lissafa ba, da numfashin da aka shaƙa ba a gode ba, tuli a kan tuli. Can gefe ga Auwalu. Ya ga tsaga a jikin bangon Sifiri, hannun magini bai iya haƙuri ba, ya kwaɓa ƙasa yana lallaɓawa yana yaɓe. Daga ƙafarsa zuwa gwiwa ya riga ya zama kamar hayaƙi, ana hango bango ta cikinsa.

"Dokar gidana guda ce," in ji Sifiri. "Mai abu ya kira abinsa da ƙarfi, ya sa shi a lissafinsa, kowa ya ji. Shi ke nan."

Shi ke nan, wai. Malam ya waiga ya ga idanu sun fi dubu a kansa. A gaban mutum ɗaya ya kasa da safe, yanzu ga birni guda. Ya dubi bango, ya yi gyaran murya.

"A gaya wa mutumin nan ya fito."

Ko allura ba ta motsa ba. Hayaƙin ya hau zuwa ƙugun Auwalu.

Gumi ya karyo wa Malam. Sai dabara ta faɗo masa, irin tasa. Ai suna da adadinsa abu ɗaya ne, shekara nawa yana gaya wa Malam Ɗahiru haka? Ya buga haruffan sunan a ransa, ya ɗaga murya da ƙarfin zuciya.

"Talatin da bakwai, fito!"

Gidan Sifiri ya girgiza. Duk abin da adadin sunansa ya zo daidai da wannan ya yunƙuro. Wani bunsuru gurgu ya fito a guje ya bi ta tsakanin ƙafafun Malam ya kayar da shi. Tukwane suka gangaro, da wani tsohon aljani da aka tasa daga barci yana zage-zage, da tsuntsaye, da wata iska da ta kwashe hular Sarkin Mara. Aka yi ta guje-guje, Sifiri yana riƙe da tumbi yana dariya har da hawaye.

"Malam, adadin nan masu shi suna da yawa! Wanne ne naka a ciki?"

Malam ya tashi zaune a cikin ƙura. Auwalu bai motsa ba, hayaƙi ya kai ƙirjinsa. Rana ta sauka a kan bishiyoyin Dajin Tilo, ta yi ja.

Sarauniyar Cika ta matso, ta yi magana a hankali. "Ya masani, bar shi. Shida adadi ne cikakke. Ba za ka ji zafi ba, mantawa kawai za ka yi, kuma alkunyarka tana nan ba ta zube ba."

Sai Auwalu ya juyo. Muryarsa ta yi nisa kamar daga cikin rijiya.

"Malam, kada ka matsa wa kanka. Ni na san abin da ke ranka, ban taɓa jin haushi ba. Ka koma gida tun da haske. A dai gaya wa Sani, katangar bayan ɗakinka tana son yaɓe kafin damina, na so in yi ta gobe."

Malam Haladu ya tsura wa ɗansa ido. Shekara da shekaru ɗan nan yana kawo fura, yana gyara katanga, yana amsa kiran da ba a yi da sunansa ba, yau ga shi zai ɓace yana tunanin bangon ɗakin ubansa. Malam ya lalubi sunan a ransa, ya ji yana zamewa shi ma, saura ƙiris. Ya miƙe da takalmi ɗaya, rawani a wuya, ya buɗe baki iya ƙarfinsa.

"Auwalu! Auwalu ɗana! Ɗan farina, fito!"

Ya ɗaga yatsu sama yana lanƙwasawa. "Auwalu ɗaya! Sani biyu! Salisu uku, Rabi'u huɗu, Hamisu biyar, Sadisu shida, Sabi'u bakwai! Bakwai ne, kuma wannan ne na farkonsu!"

Daga can nesa, bayan daji da kogi, aka ji ƙwas, ƙwallon Mai-Ƙidaya ya faɗi. Hayaƙi ya washe. Auwalu ya fito da ƙafafunsa, hannu duk laka, ya durƙusa a gaban uban. Tun yana yaro "Malam" yake ce wa uban kamar kowa, sai yau.

"Na'am, Baba."

Mutanen Mara suka ɓarke da shewa, Sarki ya miƙe ba hula. "Bakwai! Alƙali namu ne! Faɗi hukunci!"

Malam ya dafa kafaɗar ɗansa, bai sake ta ba. "Ranku ya daɗe, da safe ni uban shida ne, na Sarauniya. Yanzu ni uban bakwai ne, na Sarki. Abin da ya ɗauke ni daga can zuwa nan ɗaya ne tak, ga shi tsaye. A ƙara wa Sarki ɗaya ya koma gidan Sarauniya, a ƙara mata ɗaya ta koma nasa."

"Amma wa ya fi?" suka tambaya tare.

"Wanda ya ce mu yi biyar da bakwai, shi ya ce mu yi biyu da huɗu. Akwai hikima a ciki, na yarda har gobe. Ni dai bai gaya mini ita ba. Na zaci ina riƙe da mabuɗi, na zura shi yau a gabanku, bunsuru ya fito."

Can Sarki ya ce hukuncin nan magana ɗaya ce, saboda haka nasa ne. Sarauniya ta ce a'a, yanki biyu ne, nata ne. Musu ya tashi sabo fil, kuma in ka dubi fuskokinsu, duka ukun, za ka ga daɗi suke ji.

Sifiri ya ja hannun Malam zuwa cikin gida, ya nuna sama. A tsakiyar rufin akwai wata ƙofa mai kusurwa huɗu, ana hango ganyen ɗorawa ta cikinta.

"Ɗakin da ka bari fanko a hatiminka, gidana ne. Ku hau. Wanda ya yaɓe mini bango kuwa, ƙofata a rufe take gare shi har abada, wannan ce godiyata."

Suka hau matakala, ɗa a gaba yana jan uba. Suka ɓullo a gindin ɗorawa, rami ya rufe, rairayi ya koma kamar ba a taɓa zane a kansa ba. A Tudun Wake hantsi ne har yanzu. Malam Ɗahiru yana zaune da ƙwarya a cinya, ya sha rabin furar, wai don ya kwantar da hankalinsa. Ya dubi abokinsa, takalmi ɗaya, riga jiƙe, ƙaya a gemu.

"To, Malam, ka gano sirrin bakwai?"

"Na gano cewa daga ɗaya take farawa. Miƙo furata. Gobe zan kayar da kai a kan arba'in."

Bai bar hisabi ba, kada wani ya yi masa ƙarya. Ya dai bar hana mahauta sayen shanu. Abin da ya girgiza Tudun Wake shi ne abin da ya faru washegari, sa'ad da Auwalu ya zo da laka zai yaɓe katangar bayan ɗaki. Malam yana zaune a tsakar gida a kan buzu, sai ya ɗaga murya har maƙwabta suka ji.

"Auwalu!"

Lantana, uwar yaran, ta saki ludayi a cikin tukunya, ta rufe fuska da zane, ta shige ɗaki tana cewa Malam ya zauce. Ƙannen suka tsaya cirko-cirko. Daga bayan katanga kai ya leƙo, da laka a gemu.

"Na'am, Baba?"

"Ba komai. Ci gaba da aikinka."

Auwalu ya koma, ya ɗebi laka, ya goge ido da bayan hannu. Bai kai ga manna ta a bango ba ya sake jin muryar.

"Auwalu!"